Cof Ɗin da Ya Gagari Bazazzagi

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa. Ina fata ka isa Zariya lafiya, kuma cikinka ya haƙura da rabuwa da tuwon Gushegu. Ka miƙa gaisuwata ga mutanen Kwarbai da na Ƙofar Doka, da duk wani Bazazzagin da zai iya kai ƙarshen wannan shafi bai nemi Bakano ya riƙe masa fitila ba.

Saƙonka na murya ya iso. An saurare shi a majalisarmu ta ƙofar masallacin zango bayan la'asar, aka ce a maimaita, har mai shayi ya roƙi a tura masa don ya riƙa kunna wa masu jiran ruwa ya tafasa. Ƙarar da ka shigar ɗaya ce: wai mutanen Gana sun kashe Turanci, sun binne shi ba wanka ba salla. Hujjarka kuwa wata 'yar kalma ce mai harafi huɗu, wadda Bature ke rubutawa chop, mu kuma a zango muke cewa cof. Wai a littafin da ka yi shekaru kana koyar da 'ya'yan mutane da shi, ma'anarta sara ce, a sari itace ko a daddatsa nama, shi ke nan. Sai ga shi ka zo nan ka tarar ana cof ɗin tuwo, ana cof ɗin kuɗi, ana cof ɗin mari, har Kirsimeti ba ta tsira ba. Ka rufe da salati.

To gyara zama, Malam, yau jikan fataken goro ne zai riƙe alli. Na san da ciwo, ku da kuke tinƙaho da Kwalejin Barewa da Jami'ar Ahmadu Bello da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma ka tuna a Katsina aka haifi Barewa a 1921, sai a 1949 aka kawo muku riƙonta. Jami'ar sunan Basakkwace take ɗauke da shi. Jaridar kuma mutumin Kagara, Abubakar Imam, shi ya riƙe mata alƙalami tun 1939. Ku dai Allah ya yi ku masu ba ilimi masauki, mun gode.

Da farko, daina cewa ba ka taɓa jin kalmar ba. Daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce, kuma babu ranar Allah da mai sayar da kayan mota a can ba ya ce wa yaronsa ya je ya cof ya dawo. Kunnenka ne ya yi mata rowa don ba ta fitowa a jarrabawa.

Na biyu, shi kansa mai harshen bai tsayar da ita a ma'ana ɗaya ba. A Ingila, yankan haƙarƙarin rago da ake gasawa cof ne, kuma gidajen da ake cinsa a Landan sun haura shekara 300 ana kiransu da sunan. In ka je Honkon ko Singafo ko Malesiya magatakarda ya ce takardarka ba ta da cof, kada ka tafi neman gatari, hatimi yake nufi, kuma wannan daga harshen Hindi ta shigo. Masu jiragen ruwan da suka yi ciniki a Kanton ta ƙasar Sin sun koma gida da cof-cof, wato maza-maza. Tsinkayen nan biyu da Sinawa ke cin shinkafa da su ma, a Turance da cof sunansu ya fara. Turawan mulkin da suka zauna a ƙasarku da tamu su ma sun kamu: miyar gyaɗar da kuku ke zuba musu a kan shinkafa cof ɗin gyaɗa suke ce mata, akwatin guzurin da 'yan dako ke ɗaukar wa Joji in zai fita rangadi kuma cof bokis. Wato tun akwatin yana kan kakanka sunansa ke nan.

In kuma ba ka yarda da magana sai ta fito daga ƙamus, to ga shi. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya. Cikinsu akwai cof ta wawurar kuɗi, da cof-cof wato cin hanci da rashawa, da okada, da buka. Akwai kuma, ka dafe ƙirjinka, Kannywood. Na bi jerin daga sama har ƙasa, ko ƙurar Zariya ban gani ba.

Yanzu mu bi sawunka mu ga wuraren da kalmar ta tare ka.

Tun a hanya ta fara. Ka shigo ta Bawku, ka wuce masu buhunan albasa, mota ta kama hawan dutsen Nakpanduri, injin ya yi zafi ya tsaya, aka ce fasinja kowa ya sauko ya sa hannu. Yaron mota ya share gumi ya ce yau kowa zai cof hot. Wanda kuka zauna kujera ɗaya da shi ya rantse mini cewa nan take fuskarka ta washe, ka fara laluben cokali a jaka, kana zaton abinci mai zafi za a raba. Ashe shan wuya yaron yake nufi, ka kuwa sha ta, da babbar rigarka da komai. Haka abin yake a nan. Wanda aka kwaɗa wa mari ya cof mari. Ɗalibin da ya zo kurar baya a aji ya cof las. Ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo uku a raga ita ce ta cof uku, alhali a Hausa mai nasara ne ke ci, wanda aka kayar kuwa ya sha kashi. Bahaushe ya raba aikin tsakanin ci da sha, yawanci in wuya ce sai ya ce an sha: an sha duka, an sha rana, an sha ɗauri. Cof kuwa ta haɗa biyun a baki ɗaya, ta huta.

Sai ranar kasuwar Gushegu, wadda ke zagayowa duk kwana shida kamar sauran kasuwannin ƙasar Dagomba. Mun zaga kara ka taya shanun da ba ka da niyyar saya, mun leƙa masu waken suya da masu kaɗanya, rana ta take, na ce mu shiga cof ba. Da jin wannan "ba" ɗin ka ja da baya ka yi a'uzubillahi, ka ce kai jikan malamai ne, ƙafarka ba ta taka mashaya. Na ce leƙa dai. Ka leƙa ka ga bencina da manyan tukwane da wata Hajiya riƙe da ludayi, ga tuwon zafi da miyar ayoyo, ga sakwara da miyar gyaɗa, ga wake da shinkafa da shito. Da ƙamshin naman zabo ya bugi hancinka sai fatawa ta canza. Kafin yarinya ta kawo ruwan wanke hannu ka riga ka naɗe hannun riga. Daga nan ba a sake jin Turancinka ba, sai Hausa tsantsa, ita ma kalma biyu: a ƙaro.

Da ka ɗago kai ka saurara, da ka ji abin alfahari. Daga Bawku har bakin teku, Gana da bakinmu take kiran abincinta. Tuwon zafi sunansa ke nan har a Akra, sun ma gajarta shi zuwa haruffa biyu. Waken da suke rubutawa waakye namu ne. Koko da ƙosai da fura duk sun riƙe sunayensu, sai ɗan lanƙwasa harshe. Mun ba su sunan abincin, mun karɓi sunan cin. Wannan shi ake kira fatauci, abin da ba a koyarwa a jami'arku ta Samaru.

A gidana kuma ka ga akwatin katako da kwaɗo, an rubuta sunan yaro da fenti a jikinsa, na ce maka cof bokis ɗin ɗana ne zai koma makarantar kwana a Tamale. Ka ce ashe sassaƙa yake koyo, tunda ga akwatin kayan sara. Na bayyana maka cewa duk ɗan makarantar kwana a ƙasar nan da akwati biyu yake tafiya, na ƙarfe don tufafi, na katako don ciki: garin rogo, sukari, madara, gyaɗa, kifin gwangwani da kwalbar shito. Tun 2017 gwamnati ta mai da sakandare kyauta har da ciyarwa, amma har yau babu uwar da za ta bar ɗanta ya hau mota ba wannan akwati. Ka ce a buɗe maka ka gani don ƙarin ilimi. Ƙarin ilimin nan ya ci wa yaro kifin gwangwani da rabin shito.

Akwai kuma wata ma'anar da samari ke ƙyalƙyala wa dariya a tasha, wadda ba a rubutawa a shafin da surukai ke karantawa. Hausa ma tana da irinta, kuma ka sani, don na ga lokacin da ka sunkuyar da kai kana gyara hula.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki, Malam. Duk karatunka ka kasa gane 'yar gidanku don kawai ta canza kaya. Wannan cof ɗin ai ci ce tamu ta sa kwat da lakataye. Dubi kanka kaɗai. Ka ci jarrabawa aka ba ka aiki. Ka ci gadon gona. Ka ci bashi ka yi jari, ka zo ka ci kasuwar waken suya, ka ci riba. Ka ci ado da batakarin masaƙan Gushegu aka ɗauke ka hoto. Motar da ta mai da kai ta ci mai, hanya ta ci maka kwana biyu, ka isa gida ka zauna kana cin namana a WhatsApp. Wanda ya ci amana bai tauna komai ba. Sarkin da ya ci gari bai haɗiyi ganuwa ba. Alƙali ya ci mutum tara, mutumin ya fito da ƙafafunsa. Ana cin zaɓe, ana cin mutunci, ana cin rani, ana cin alwashi, ana cin karo, ana ci gaba, wasu ma suna cin duniya da tsinke. Harafi biyu kacal ke ɗauke da wannan kaya duka, ban taɓa jin ka tura wa kowa saƙon murya cewa Hausa ta lalace ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Masu masaukinmu Dagombawa kalmar ci a bakinsu di ce, kuma wanda ya hau sarauta sai su ce ya di nam, ya ci sarauta, sak yadda muke faɗa. Mosawa haka. Tonawa, wato Asante, su ma di suke cewa: di hene cin sarauta, di dwa cin kasuwa, di asem yin shari'a, di Bronya shagalin Kirsimeti. Ka ga inda Kirsimetin da ta tayar maka da hankali ta samo cof ɗinta. Garin da ka kwana a ciki ma ya fi kowa sanin wannan ci. Gushe-Na, sarkin Gushegu, yana cikin masu zaɓen sarkin Dagomba, kuma a al'ada shi ne ke zare tsinken ciyawa daga rufin fadar Gbewaa a Yendi, alamar an tsayar da wanda zai zauna a kan fata. Da sarkin Dagomba, Ya-Na Abukari na Biyu, ya hau a watan Janairun 2019, duk harshen da ka tambaya a kasuwar nan amsa ɗaya zai ba ka: ya ci. To yaron da ya tashi da wannan a kunnensa, ranar da ya koyi Turancin bariki, me kake so ya ce?

Turancin da kake karewa shi ne autan baƙi a wannan yanki. Tun ba a san Bature ba ayarin Kanawa ke tasowa da kanwa da baƙin rini da jan fata, su ratsa Borgu, su bi ta Jugu da Sansanin Mango, su yada zango a Yendi, su sauke a Salaga, su juya da goro. Wata da watanni ana tafiya, madugu na gaba da shawara, jagaba na duba hanya. Da Hausa ake ciniki a kasuwar Salaga. A can Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da ajami, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete Karachi, inda ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata na Bebeji ma a wannan hanya ta Gwanja ya koyi juya kuɗi. Da Turawa suka zo, Yendi ma a hannun Jamus ta faɗa a rabon 1899, sai a 1914 Ingilishi suka karɓa. Sojan da suka ɗauka kuwa da sunan Hausa aka kira rundunarsu, kuma da Hausa ake magana a bariki. Turanci ya iske mutanen da ke cin sarauta da kasuwa da bashi da amana tun kaka da kakanni, kowa ya ɗauki 'yar kalmar da ta fi kusa da bakinsa ya ɗora mata kayan. In laifi ne, ka je ka kai ƙarar kakannin Dagomba da na Asante da na Kano gaba ɗaya, mu ga alƙalin da zai saurare ka.

Har masanan Turai sun biyo sawu daga baya. Wani Bafaranshe, Jean-François Bayart, ya wallafa littafi sukutum a 1989 kan mulki a Afirka, ya kira abin siyasar tumbi. Da ya zauna rabin yini a tashar Yendi ya ji yadda direbobi ke zancen cof-cof, wa ya samu kujera, wa ya ci shi kaɗai, wa ya tuna da 'yan garinsu, da ya rage wa kansa wahalar bincike.

Na san da abin da za ka rama. Za ka ce mu 'yan zango ba Turanci kaɗai muka taɓa ba, Hausar ma mun cire mata mace, muna cewa mata na ya zo, yarinya ya tafi. To ina kuma ake faɗin haka a ƙasar Hausa in ba a kudancin ƙasarku ba? Mu daga Kano da "ta" ɗinmu muka taso. Wani Bazazzagi ne ya laɓe a cikin ayari ya shafa mana.

Saura ma'ana ɗaya, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Duk waɗancan ka haddace su cikin 'yan kwanaki. Kafin ka tafi kai ke fara cewa mu je mu cof tun ladan bai sauke kiran azahar ba. Amma akwai cof moni. Shi ne kuɗin cefanen da magidanci ke ajiyewa kowace safiya kafin ya fita, wanda rashinsa ke kai ma'aurata zauren liman. Shi ne abin da ake ba lebura da magini na abincin rana ban da ladan aiki, da abin da direba ke ba yaron mota, da abin da uba ke tura wa ɗalibi. Kuma kowa ya san baƙunci kwana uku ne. Ɗan kasuwar da ya zarce haka a gidan mai masauki, ya ga ana yanka masa zabi, shi da kansa yake ajiye wani abu a gefen faranti.

Da ka zarce, ka kuma zarce, uwargida, wadda ita ma Bakanuwa ce tana da haƙƙin wasa da kai, ta leƙo ta ce, "Malam, yau ina cof moni?" Nan take ilimi ya dawo maka. Ka gyara tabarau, ka yi gyaran murya, ka ce a iya saninka cof sara ce, kuma sarar kuɗin gwamnati babban laifi ne a dokar kowace ƙasa, balle kai baƙo ne, ko gatari ba ka zo da shi ba. Mutumin da ya gane cof ɗin tuwo da na zabo da na kifin yaro ba tare da ƙamus ba, ga shi ya koma littafin aji uku don an ce ya sa hannu a aljihu.

Abin da ya sa kalmomin nan biyu suka dace da kai shi ne fuska biyu gare su. In suna ne, cof moni kuɗi ne da mutum ke bayarwa a ci. In aiki ne, aka ce wane ya cof moni, to ya cinye na mutane ke nan. Kai da aka ba ka zaɓi, nahawu ya kai ka ga na biyun. Ashe duk kukan da kake wa Turanci, na aljihunka ne.

To ga lissafi. In watan Muharram ya kama, daren tara Dagombawa za su fito da wutar ciyawa don bikin Bugum, mu kuma a zango mu yi cika-ciki. A al'ada lokacin ne ubangida ke ba bawansa kuɗin shara, kuma ban taɓa hana ka ba. Sai dai na bana ka riga ka cinye shi tun a wurin Hajiya mai ludayi. Na cire shi daga abin da ake binka, na yafe maka sakwara don zumunci, na bar kifin yaro tsakaninka da Allah. Abin da ya rage sidi 100 ne. Tun 2007 aka yanke wa kuɗinmu sifiri huɗu, amma tsofaffin kasuwa har gobe miliyan ɗaya suke kiran wannan adadi, don haka kana iya shelanta wa Zagezagi cewa ana binka miliyan a ƙasar waje, su san ka zama babban mutum. Ka ba ɗaya daga cikin masu zuwa Bawku sarin albasa ya turo ta momo, wato ta waya. Kada ka fake da harajin tura kuɗi ta waya, an soke shi tun 2025.

In kuwa wata ya kama ban ji ƙarar waya ba, na riga na yi magana da lunsi, makaɗan Dagombawa. Ka san aikinsu riƙe tarihin kowa, mai kyau da maras kyau, kuma abin da suka sa a ganga jikoki ma sai sun ji shi. Ranar kasuwa za su tsaya tsakanin kara da rumfar Hajiya su kaɗa labarin Bazazzagin da ya san ma'anar cof goma sha, ya manta ɗaya. Kuɗin makaɗan ma a kanka zan rubuta.